Kakana da Shanun da Ƙanƙara ta Kayar

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kaka, mahaifin mahaifina, a ƙauyenmu da ke bayan Kebbe. Ina tsaye gaban allo a firamaren da nake koyarwa a Tambuwal aka kira ni a waya. Na hau babur nan take, amma hanyar Kebbe ba ta san ana sauri ba. Kafin in isa har an yi masa wanka an sa shi a likkafani.

Ƙanensa ne ya sallace shi, wanda duk muke kira Liman domin shi ke jan sallar ƙauyen tun ban san kaina ba. Mutumin da ya binne rabin tsofaffin garin nan ko gezau, ran nan a kabbara ta uku muryarsa ta ƙi fita, sai da sahu ya tsaya yana jiransa. Iya kuwa, matar Kaka, ko ɗigon hawaye babu. Mata na shiga suna ce mata ya haƙuri, ita tana ta faɗa: "Kunu nid dama mai, yac ce in aje shi huce. To ga shi nan ya huce, sai shi taso shi sha!" Wanda bai san ta ba sai ya ce ba ta damu ba. Mu da muka san ta mun san da faɗa take kuka.

Kashegari wani tsohon Bafulatani, aminin Kaka tun suna samari, ya zo gaisuwa. Bai ko ɗumama tabarma ba ya ce, "Ina take?" Ba wanda ya tambaye shi wa yake nufi. Aka zagaya da shi bayan ɗaki inda karsana ɗaya tilo take tsaye. Ya ɗora hannu a tozonta ya daɗe yana shafa ta, sannan ya share fuska da bakin rawaninsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Masu zaman makoki sun yi ta cewa Kaka mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa sa-in-sa da kowa ba. Wannan ƙarya ce irin ta makoki, Allah ya yafe mana. Kaka yana da taurin kai, ya yi faɗa, ya kuma yi kuskuren da ya ci gidanmu. Ba na son a tuna da shi a kan ƙarya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai kuma karsanar nan. A hannuna ya bar ta, da alkawarin zan riƙe ta har ta haifi mace, kuma maganarta ta hana ni sakat.

Gidanmu gidan malamai ne. A cikin 'ya'yan mahaifinsu Kaka kaɗai ya sauke Alƙur'ani ya rataye allo ya bi shanu. Liman ya kan ce yayansa ya fi sanin dangin saniya a kan dangin matarsa, kuma bai yi ƙarya ba. Idan ka je gaishe shi sai ya gama ba ka labarin wadda ta haihu da wadda ke ɗingishi, sannan ya tuna ya tambayi iyalinka. Ni jikansa ne na fari, don haka abokin wasansa. Malamin alli yake ce mini. Da ya hango babur ɗina sai ya ɗaga murya: "Ku ɓoye nono, ga wanda bai san gaban sanuwa da bayanta ba ya taho!" Ni kuma in ce na zo ɗaukar matata Iya ne, tunda mijinta ya tare a garke.

A garken akwai wadda ta fi kowace daraja. Ranar da aka kawo mahaifiyar Kaka gidan aure, ubanta ya haɗo ta da saniya guda. Tun daga nan duk macen farko da aka haifa a wannan tsatso sunanta Ta-Inna. Uwa ta tsufa, 'ya ta gaji sunan, haka aka yi ta yi fiye da shekara saba'in. An sha fari, an sha ciwon dabbobi, an sayar da bijimai an yi aure da suna, amma Ta-Inna ba ta taɓa ganin kasuwa ba.

Abin da aka san Kaka da shi har ƙauyukan Jabo shi ne idonsa a kan saniyar da ta kwanta. A ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka, yunwa kan kayar da saniya ta kasa tashi. In aka bar ta kwance ƙafafunta su mutu. Sai a zura itace biyu ko taɓare ƙarƙashin cikinta, maza huɗu su ɗaga ta, a tsayar da ita ta ci ɗan abin da aka samo, safe da yamma, har ƙarfinta ya dawo. Amma ba kowace ke tashi ba, wadda kuwa ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, ko tsoka ɗaya ba ta halatta. Sai mai saniya ya rasa ta yi: ya yanka wadda da za ta rayu, ko ya jira ya yi asarar duka. A nan ake aika wa Kaka. Ya zo ya durƙusa, ya taɓa gindin kunnenta, ya buɗe bakinta, ya kai mata ɗan harawa hanci ya ga ko za ta miƙo harshe. Daga nan kalma biyu ce: "A ɗaga," ko "A yanka." Ban taɓa jin wanda ya ce ya bi maganarsa ya yi da-na-sani ba.

Idan ya ce a yanka, shi ke yankawa da wuƙarsa da ba ta rabuwa da ƙugunsa, amma ba ya karɓar naman. Ko hanta aka biyo shi da ita gida sai ya mayar. Iya ta sha yi masa ciwon baki a kan haka, ya ce, "In nic ci, gobe a ce Tsoho na kashe shanun mutane don romo." Idan kuma ya ce a ɗaga, da kafaɗarsa ake ɗagawa. Akwai wata bazawara a bayan masallaci mai san noma ɗaya. Kwana tara Kaka yana zuwa safe da yamma, yana tsare maza a hanya yana jawo su su kama, har san ya miƙe ya yi mata huɗa a daminar. Ta zo makoki, ita ce ta fi kowa kuka.

Shekara huɗu ke nan da bazarar da ta karya shi. Ruwa ya yi jinkiri ƙwarai. Gonaki sun riga sun cinye burtali, dajin da ake kora shanu can ciki kuwa ɓarayin shanu sun hana shiga. Kaka ya ƙare harawa, ya ƙare kara, ya koma sassabo rassan gawo da tsufansa. Shanun suka zama ƙashi da fata. Na ce masa ya rage su tun suna iya takawa zuwa kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai dai riƙe allinka. Na ga bazara wadda taf fi wagga, kuma ni da su munka fita." Na yi fushi, na yi wata guda ban leƙa ba.

Ranar Asabar ɗin da na huce na je, ita ce ranar. Shanun suna ɗaure a gonarsa ta bayan gari saboda taki, fili fetal, ba bishiya ba rumfa. Kaka ba ya ƙirga shanu, ba ya kuma son a ƙirga a gabansa, amma ni na ƙirga a zuci: goma sha huɗu. Biyar ba nasa ba ne, na amana ne da mutane suka ba shi kiwo, ciki har da shanun huɗar Liman guda biyu.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya ɗauki murna. Sai iska ta juya da wani sanyi da ban taɓa ji ba a wannan lokaci na shekara. Kafin mu ankara ƙanƙara ta fara zuba, wata kamar ƙwan zabo, tana huda rufin ciyawa tana fasa tukwane a tsakar gida. Da ta lafa ruwa mai sanyi ya biyo baya bai tsaya ba. Kaka ya fita da gudu ba takalmi, na bi shi, Liman da maƙwabta biyu suka biyo mu.

Mun iske gonar fari fat, shanun duk a ƙasa in ban da uku. Suna karkarwa, tururi na fita daga hancinsu. Liman ya duba sau ɗaya ya ce, "Yaya, fid da yuƙa. Mu fara da waɗanda sunka fi jin jiki." Kaka bai ko waiwaya ba. Ya nufi Ta-Inna, wadda ke da tsohon ciki, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa mata. Sannan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Ya taɓa kunne, ya buɗe baki, ya ce, "A ɗaga." Ya matsa gaba, "A ɗaga." Duk goma sha ɗayan, bai ce a yanka ko ɗaya ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Alamomin da ya sani na yunwa ne, ita kuwa yunwa a hankali take kisa, tana ba mutum kwana biyu ko uku ya yi shawara. A ma'aunin yunwa duk shanun nan masu tashi ne. Bai san sanyi ba, mu ma ba mu san shi ba. Wa zai ce a ƙasar Kebbe, a watan da ake kwana a waje don zafi, sanyi zai kashe saniya tsakanin la'asar da magariba?

Muka kama ɗagawa mu biyar cikin taɓo. Mu tsayar da wannan, mu juya ga ta gaba, ta bayanmu ta sulale. Na ga san Liman ya miƙe wuya yana shure-shure. Liman ya yi kururuwa, "Ba ni yuƙag ga in kai ba ka iyawa! Shina mutuwa!" Kaka ya dafe ƙugunsa da hannu biyu ya ce, "Shina tashi. Nic ce shina tashi!" Babu wata wuƙar a wurin, gari kuma da ɗan nisa. Kafin maƙwabcin da ya ruga ɗauko tasa ya dawo, san ya daina motsi. Lokacin da aka kira magariba takwas sun zama mushe. Biyu kawai aka samu yankawa, su ma da wuƙar maƙwabci. Kwana biyu aka yi ana yayyafi da iska, ukun da muka iske a tsaye su ma biyu suka bi, ɗayan aka yanka shi yana gargara. Aka bar mu da Ta-Inna a kwance.

Ba zan manta safiyar Lahadi ba. Mutanen da rabonsu da nama tun layya suka tsaya a gefen gona suna kallon tulin naman da ya haramta, ana ɗaura wa gawarwakin igiya ana ja zuwa rafi. Ba wanda ya zagi Kaka, da ma sun zage shi da ya fi sauƙi. Liman ne kaɗai ya yi magana, a gaban kowa: "Ba idonka na yar ruɗe ka ba, Yaya, so na. Ba ka son ganin jininsu, shi as sa kab bar su sunka mutu banza, da naka da na mutane." Kaka ya ce, "Kai da ba ka taɓa kwana da yunwa don sanuwa ta ci ba, mi kas sani?" Daga ranar 'yan'uwan nan da suka shekara sittin suna cin tuwo a akushi ɗaya suka raba kwano. Kaka yana bin Liman salla, a yi sallama kowa ya kama gabansa.

Kwana goma sha biyu muna ɗaga Ta-Inna, na ɗauki hutu a makaranta saboda ita. Ran na sha uku ta haifi maraƙa mace, ta lashe ta sama-sama, ta kwantar da kai. Wannan karon Kaka ya kwance wuƙar daga ƙugunsa da kubenta, ya miƙa wa mahaucin gari, ya juya ya shige gida. Bai sake ɗaura ta ba. Da nonon akuya da kunun gero ya raini maraƙar, a ɗakinsa take kwana har Iya ta yi yaji na kwana uku zuwa gidan 'yarta. Ita ce karsanar da ke bayan ɗaki, Ta-Inna ta ƙarshe.

Bai sake yanke hukunci a kan saniyar kowa ba. In aka zo kiransa sai ya ce, "Ku tai ku nemi mai ido. Nawa ƙanƙara ta fasa shi." Wasan da yake yi da ni ma ya ragu. Wani lokaci ina isowa in jira ya ce a ɓoye nono, sai kawai ya ce sannu da hanya.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana da hantsi muna zaune a zaure, rediyo ya kawo labarin wata ƙasa mai nisa ta makiyaya, inda dusar ƙanƙara ta binne ciyawa, dabbobi suka yi ta mutuwa cikin sanyi har wasu gidaje ba su tsira da ko ɗaya ba. Kaka ya sa na ƙara murya, da aka gama ya ce in sake yi masa bayani da Hausarmu.

"Ita ƙanƙarag ga tasu, kwana nawa taka yi?"

Na ce, "Wata da watanni, Kaka. Ba ta narkewa."

Ya ce, "Sun samu yankawa?"

Na ce ba a faɗa ba.

"Ba su samu ba," in ji shi. "Ni na sani. Tsaye sunka yi suna cewa wagga tana tashi."

Ya jawo sandarsa ya miƙe, na bi shi ban san inda za shi ba. Ƙofar gidan Liman ya tsaya ya yi sallama, karo na farko tun ranar gona. Ya ce, "Akwai wasu mutane can bayan duniya, sanyi ya kashe musu bisashe. In an gama azahar ka sa a yi musu addu'a." Liman bai tambayi ko su wane ne ba, ko wane addini suke bi. Ya ce to. Aka yi addu'ar, mutanen ƙauye suna amin ba su san ko sunan ƙasar ba. Da yamma na ga an kai akushi ɗaya zaure, Kaka da Liman suka ci tare.

Sati biyu kafin rasuwarsa na je duba shi. Ya rame, muryarsa ta dushe. Ya kama hannuna ya ce, "Malamin alli, Ta-Inna taka ta. Ba ta samu bijimi ba, garin ga babu saura. Ka riƙe ta hat ta haifi mace. In ta haifi mace, ka fita haƙƙina." Na ce to. Na faɗa ne ina sane da cewa ɗaki biyu nake haya a Tambuwal, tsakar gidan ma da maƙwabta muke raba shi. Amma wa ke ce wa mai jinya a'a?

Da aka zo rabon gado wasu daga cikin baffannina suka ce a sayar da ita a huta. Liman, wanda shanun huɗarsa suka mutu a hannun Kaka, shi ya buga sanda a ƙasa ya ce wasiyya ce, a gabansa aka yi ta, karsana ta jika ce. Don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Na yi ƙoƙari, Allah shi ne shaida. Na fara neman wanda zai riƙe mini ita a ƙauye, amma Iya ba ta iya yankan ciyawa, Liman ido ya yi rauni, samarin gari kuwa duk sun watse neman abinci a birane. Na je har rugar aminin Kaka, na iske bukka biyu da awaki. Ya ce nasa shanun ɓarayi sun kore su a dare ɗaya shekarar bara, 'ya'yansa suna kabu-kabu a Sakkwato, ba zai karɓi amanar da ba zai iya tsarewa ba. Na sa ta a mota na kawo ta Tambuwal na ɗaure a tsakar gidan haya. Kafin in tafi makaranta in nemo harawa, in na taso in nemo dusa. Ta ƙi sabawa, tana kuka tana jan igiya, tana ramewa a kan idona. Matan gidan suka fara ƙorafin ƙuda da wari, kuma da gaskiyarsu. Mai gida ya yi mini kawaici na wata biyu, sannan ya ce in zaɓa, ko ni ko ita.

Ranar kasuwa na ja ta zuwa kara, inda ake cinikin shanu. Na roƙi dillali ya samo mini mai kiwo, ba mahauci ba, na ce ko da ragi ne na yarda. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa ka sayen karsana shi aje yanzu? Don a zo a kore ta?" Har la'asar ina tsaye ina korar masu taya ta. Wanda ya saye ta daga ƙarshe bai ko dubi haƙoranta ba, cinyarta kawai ya matsa. Da idona na ga an tura ta cikin babbar motar da ke lodin Kudu.

Sai da na yi kwana huɗu sannan na iya zuwa ƙauye. Na iske Iya tana tsince wake a tsakar gida. Na gaishe ta, na zauna, na fara kame-kame cewa wani mutumin kirki ya karɓi Ta-Inna, mai garke ne babba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kak ka yi min ƙarya ina cikin takaba." Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "Tashi ka tumɓuke turken nan na bayan ɗaki. Kullum sai na yi tuntuɓe da shi in za ni alwala."

Na ɗauko fartanya na zagaya. Kaka ya kafa shi da zurfi ƙwarai, kamar yadda yake kafa na saniyar da ake sa ran za ta daɗe. Na fi rabin awa ina haƙa ina kuka kafin ya fito.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kansa da kuskurensa, ya saka masa da kowace dabba da ya sa kafaɗa ya ɗaga. Allah ya ba Iya da Liman haƙurin zama bayansa. Ku da kuka karanta, in kun yi masa addu'a ku sa da ni a ciki, domin shi ya tafi da alkawarina, kuma ban san abin da zan ce masa ba ranar da muka gamu.